Rigimar Manhaja A Ofis: Abin Da Ya Faru A Munich Da Wanda Ke Jiran Ka A Wurin Aiki

Mai karatu, idan kana cikin waɗanda za su fita sanin makamar aiki a wannan zangon, ko kina shirin tafiya hidimar ƙasa, akwai wata rigima da za ka tarar tana ci a ofis tun kafin ka zo, kuma babu malamin da ya koya mana ita a aji. Za a ba ka tebur da kwamfuta. Ka kunna ta, ka nemi manhajar da ka saba aiki da ita tun kana aji ɗaya, ka ga babu. Ka ce to bari ka sauko da ita daga intanet, sai wani ɗan akwati ya fito yana neman kalmar sirrin da ba a hannunka take ba. In ka tambayi na kusa da kai, tsaki zai yi ya ce maka, "Ai sai ka je wajen 'yan ICT, in ka same su."

In ka je wajen nasu kuma, wani labarin za ka ji daban. Za su ce ma'aikatan nan ba sa son sabon abu, kowa ya ɗauko filash ɗinsa daga shagon buga takardu ya cusa wa kwamfutar ofis, gobe bairos ya cinye komai a zo ana kiran su suna tsakiyar cin abinci. Wani ma zai ƙara maka da cewa sabo turken wawa.

Kowanne ɓangare yana ganin ɗayan ne matsalar. Ni kuwa abin da nake so ka lura da shi shi ne, duk lokacin da aka sauya manhaja a ofis akwai wanda ke biyan kuɗin sauyin da lokacinsa da guminsa, kuma da wuya ka ga an saka wannan a lissafi. Kuɗin lasisi yana fitowa a kasafi, kowa ya gani. Awa ukun da sakatariya ta ɓata tana gyara wasiƙar da layukanta suka watse ba sa fitowa a ko'ina. Babu inda wannan ya bayyana ƙarara kamar birnin Munich na ƙasar Jamus, wanda yawancinmu ta ƙwallo muka san shi.

A farkon shekarun 2000 kwamfutocin hukumar birnin, kimanin 14,000, suna aiki ne da Windows NT 4.0, ga shi kamfanin Microsoft ya sanar cewa zai daina kula da wannan tsohon tsarin. Ma'ana dole birnin ya sayi sabon lasisi, ba don abin da ke hannunsa ya lalace ba, sai don mai kayan ya ce lokaci ya yi. Wannan ya ɓata wa 'yan majalisar birnin rai. Suka fara duba Linux, tsarin da tushensa a buɗe yake, kowa na iya dubawa ya gyara ya yi amfani da shi ba tare da biyan lasisi ba. Maganar ta girma har shugaban Microsoft na lokacin, Steve Ballmer, ya taso da kansa a 2003 ya zo ya gana da magajin garin, Christian Ude, ya yi tayin ragi mai yawa. Duk da haka a watan Mayun 2003 majalisar ta zaɓi Linux. Aka raɗa wa aikin suna LiMux, wato an haɗa Linux da harafin farko na sunan garin.

Hujjar da suka fi kafawa da ita ita ce 'yanci, kada hukumar gwamnati ta zama kamfani guda ne ke yanke mata lokacin sauya kaya da farashinsu. Hujja ce mai ƙarfi, har yau ban ga wanda ya rushe ta ba. Amma aikin da aka zata na 'yan shekaru ne sai da ya ci goma. An fara ɗora tsarin a kan kwamfutocin ma'aikata a 2006, ba a ce an kammala ba sai a ƙarshen 2013, lokacin da kwamfutoci kusan 15,000 suka koma LiMux. Hukumar ta ce ta rage kashe sama da Yuro miliyan 10.

Me ya ja jinkirin? Da masu aikin suka shiga ofisoshi sai suka tarar da abin da ba a rubuta a ko'ina ba. Kowane sashe yana da nasa masu kula da kwamfuta da nasa tsarin. Ma'aikata sun shafe shekaru suna ƙirƙirar dubban samfuran wasiƙu da fom-fom a cikin Word da Excel, da ƙananan umarnin da ke sa lissafi ya yi kansa da zarar an danna maɓalli guda. Wani ma'aikaci ya haɗa abinsa shekaru da suka wuce, ya yi ritaya, sashen na ta amfani da shi ba wanda ya san yadda aka gina shi. Duk waɗannan sai an sake su, domin ba sa tafiya daidai a OpenOffice, manhajar rubutun da aka koma, wadda daga baya aka maye gurbinta da LibreOffice. Sai da birnin ya ƙera wata manhaja tasa ta musamman, WollMux, don kawai ta riƙe samfuran wasiƙu da kan takardun hukuma. Ka ga ke nan banza ba ta kai zomo kasuwa.

In kana ganin maganar samfurin wasiƙa ƙaramar magana ce, bari in kawo maka misali daga gida. Kafin haruffanmu masu ƙugiya su samu zama a kowace waya, masu buga Hausa a kwamfuta sun dogara ne da zubin haruffa na musamman, irin Rabi'at wanda Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya samar. Dabarar ita ce an ɗora ƙ da ɗ da ɓ a kan maɓallan wasu alamomin da ba a cika amfani da su ba. Abin ya yi amfani ƙwarai a zamaninsa. To amma ka ɗauki fayil ɗin ka buɗe a kwamfutar da ba ta da wannan zubin, sai ka ga "ƙasa" ta koma "}asa", "ɗan" ya koma "]an". Duk wanda ya taɓa neman tsofaffin rubuce-rubucen Hausa a intanet don aikin makaranta ya ci karo da irin wannan. Yanzu ka ƙaddara kai ne ke da littafi mai shafi 300 a haka, wani ya zo ya sauya maka kwamfuta ya ce ai sabuwar ta fi kyau. Gaskiya ya faɗa, ta fi kyau. Amma wa zai zauna ya gyara shafi 300 ɗin?

Irin wannan ne ma'aikatan Munich suka riƙa kuka da shi. Sauran hukumomin Jamus da kamfanoni da 'yan kwangila ba su bar Microsoft ba, don haka takarda ta zo daga waje, a buɗe ta a ga tebura sun goce, a gyara a mayar, can ma su buɗe su ga ta sake hargitsewa. Wasu manhajoji na ayyuka na musamman kuma ba su da irinsu a Linux, dole aka bar wasu kwamfutoci a kan Windows, hukumar ta koma kula da tsari biyu a lokaci guda. Ga sabuntawa tana zuwa a makare, mutum yana ofis da tsohon yayin manhaja alhali ta gidansa ta fi ta sabunta.

Nan ne siyasa ta shigo. A 2014 aka yi sabon magajin gari, Dieter Reiter, wanda bai ɓoye cewa shi mai sha'awar kayan Microsoft ba ne, mataimakinsa Josef Schmid ma ya fito yana sukar LiMux. A 2015 wasu 'yan majalisar birnin biyu suka rubuta ƙorafi a kan kwamfutocin tafi-da-gidanka da aka ba su, cewa ba su da manhajoji irin Skype, kuma ba a ba su ikon saka abin da suke so ba. Ka lura, wannan na biyun shi ne dai ɗan akwatin nan mai neman kalmar sirri. Ba laifin Linux ba ne, ko Windows aka ba su haka masu kula da tsaro za su kulle ta. Amma ga wanda ke zaune gaban kwamfuta duk ɗaya ne. Abin da ya gani a allo shi zai zaga. Firinta ta ƙi aiki, LiMux. Imel ya tsaya, LiMux. Intanet na tafiyar hawainiya, LiMux.

Aka ɗauko kamfanin ba da shawara na Accenture ya bincika. Rahotonsa na 2016 ya nuna cewa babban ciwon yana ga yadda aka rarraba aikin kula da kwamfutoci tsakanin sassa da yawa, ba a san takamaiman mai alhakin me ba. Duk da haka a watan Nuwamban 2017 majalisar ta yanke shawarar komawa Windows 10 zuwa 2020, a kan kuɗin da aka ƙiyasta kusan Yuro miliyan 50. Masu goyon bayan LiMux sun yi ta nuni da cewa a 2016 ne Microsoft ta maido da hedikwatarta ta Jamus cikin birnin Munich daga wani gari na kusa, hukumar kuma ta musanta cewa akwai alaƙa. Ka yanke hukuncinka. Ni dai abin da na gani shi ne, da ma'aikata suna jin daɗin tsarin, da ɗan siyasa bai samu igiyar da zai ja ba. Sannan a 2020 sabuwar haɗakar jam'iyyun da ta karɓi majalisar ta sake cewa daga yanzu za a fifita buɗaɗɗun manhajoji duk inda zai yiwu. Tsugunne ba ta ƙare ba. Ka tuna da ma'aikacin da ya fara aiki a 2002: an koya masa abu, an ƙwace, an koya masa wani, an sake ƙwacewa, kuma a kowane zagaye ana jiran ya fitar da takardun jama'a a kan lokaci.

Jandarmomin Faransa sun yi irin wannan ƙaura kuma tasu ta zauna. Su ba su fara da sauya tsarin kwamfutar gaba ɗaya ba. A 2005 suka koma OpenOffice alhali suna kan Windows, a shekarar da ta biyo suka ɗauki Firefox da Thunderbird, sai daga 2008 suka fara komawa Ubuntu. Kafin a taɓa ƙasan, jami'in ya riga ya saba da kayan da yake dannawa kullum. Sai dai kada mu manta, wannan runduna ce, in an ba da umarni ba a kiran taron jin ra'ayi.

Kada ka ɗauka ina cewa ma'aikaci ne ke da gaskiya a kullum. Wallahi a'a. Mutumin ICT ɗin da ya hana ka kalmar sirri ya ga abin da ba ka gani ba. A watan Mayun 2017 wata muguwar manhaja mai kulle fayiloli ta nemi kuɗin fansa, WannaCry, ta bazu a duniya ta shiga asibitocin gwamnatin Ingila. Aka soke ganin likita da tiyata kimanin 19,000, wasu asibitocin suka riƙa juya motocin ɗaukar marasa lafiya zuwa wani wuri. Microsoft ta riga ta fitar da maganin ɓarakar tun watan Maris, amma kwamfutoci da yawa ba a sabunta su ba. Wannan saƙon da ke fito maka yana cewa a kashe a kunna don sabuntawa, kai kuma kana danna "anjima" sau ashirin don kana sauri, irin abin da yake ƙoƙarin tarewa ke nan. Kuma ranar da abin ya faru ba kai za a kira gaban shugaba ba, shi za a kira.

Haka batun satar manhaja. Mu faɗa wa juna gaskiya, da yawa daga cikin Office da CorelDRAW da Photoshop da ke kwamfutocin ɗalibai ba sayen su aka yi ba, wani ne ya zuba maka a kasuwa ka ba shi na ruwa. Ka saba da kayan da kuɗinsu na gaskiya ya fi ƙarfin aljihunka, ka je ofis kana mamakin me ya sa ba su da su. Ofishin da ke da rajista da masu binciken kuɗi ba zai iya yin abin da ka yi ba. Ko ya biya lasisi da dala ga kowace kwamfuta, a wannan tsadar canjin, ko ya nemi na kyauta. In ka ga LibreOffice a tebur ɗinka, sau da yawa dalilin ke nan, ba mugunta ba.

To amma in masu ICT suka kulle ƙofa suka tafi da makulli ba tare da sun tambayi yadda aikin ke gudana ba, mutane ba sa daina aiki, katanga suke haurawa. Imel ɗin ofis ba ya ɗaukar babban fayil? A tura ta Gmail ɗin mutum. Manhajar hukuma tana jinkiri? A buɗe zauren WhatsApp. Ka shiga ofisoshinmu ka ga yadda takardar hukuma, da sunayen mutane da lambobin asusunsu, ke yawo a hoto daga waya zuwa waya. Wayar ta faɗi a Keke Napep, shi ke nan. Ma'aikacin ya bar aiki, ya tafi da tarihin sashen a aljihunsa. A Amurka irin wannan ya ja wa bankin JPMorgan tarar dala miliyan 200 a watan Disamban 2021, saboda ma'aikatansa, har da manya, suna maganar aiki ta WhatsApp da imel ɗin kansu inda bankin ba ya iya ajiye bayanan kamar yadda doka ta ce. A 2023 kuma Samsung ya hana ma'aikatansa amfani da ChatGPT a kayan kamfani bayan an gano wasu injiniyoyi sun zuba masa bayanan cikin gida. Wannan na ƙarshen ya shafe mu kai tsaye, don mu ne 'yan zamanin da hannunmu ke zuwa can kafin mu yi tunani. Nijeriya ma tana da dokar kare bayanan jama'a tun 2023, saboda haka ɗora jerin sunayen abokan hulɗar ofis a manhajar da ba a amince da ita ba ya wuce wasa.

Kuma in kana jin duk wannan labarin Turawa ne, ka tuna watanni takwas ɗin da ɗaliban jami'o'in gwamnati suka yi a gida a 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Buƙatun ASUU suna da yawa, akwai kuɗin farfaɗo da jami'o'i da alawus-alawus da tsohuwar yarjejeniya, amma ɗaya daga cikin manyansu rigimar manhaja ce. Gwamnati ta ce kowa ya shiga IPPIS, tsarin biyan albashi na bai-ɗaya da aka fara tun 2007, don a toshe ma'aikatan bogi. Malaman suka ce an ɗinka tsarin ne da awon ma'aikacin ma'aikatar gwamnati, bai san malamin da ya tafi hutun bincike na shekara a wata jami'a ba, bai san mai koyarwa na ziyara ba, kuma ya ci karo da 'yancin jami'o'i. Suka gina nasu, UTAS. Hukumar NITDA ta gwada shi ta ce akwai gyara, malaman suka ce ba a yi musu adalci a gwajin ba. Sai a watan Disamban 2023 majalisar zartarwa ta ƙasa ta amince a cire manyan makarantu daga IPPIS. Wannan rigima ce ta ƙungiya da gwamnati, ta fi ta ofis girma nesa ba kusa ba, amma ƙashinta iri ɗaya ne: mai tsari a sama yana son abu guda da zai iya sa wa ido, mai aiki a ƙasa yana cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda ya biya kuɗin jinkirin kuwa, ni da kai ne.

Wasunmu za su zauna a teburin sakatariya, wasunmu, musamman 'yan kimiyyar kwamfuta, su ne za su riƙe kalmar sirrin nan da shekara biyu ko uku. In kai ne na biyun, kafin ka cire wa mutum manhaja ka ja kujera ka zauna kusa da shi na yini guda ka ga abin da yake yi da ita. Za ka tarar da wani fayil ɗin Excel da albashin sashe gaba ɗaya ya rataya a kansa, wanda ba ya cikin kowane jerin da aka ba ka. In kuma kai ne na farkon, "wannan abin ba ya aiki" ba ƙorafi ba ne da za a iya gyarawa. Ka ce wace takarda ce, daga ina ta zo, me ka danna, me ya fito, minti nawa ka ɓata. Ka ɗauki hoton allon. Ka kuma koyi aikin kansa, yadda ake tsara takarda da yadda ake lissafi a tebur, ba inda maɓalli yake kawai ba, don maɓallin zai tashi daga wurin.

A Jamus ɗin ma ba a gama ba. Jihar Schleswig-Holstein da ke arewacin ƙasar ta sanar a 2024 cewa za ta mayar da kwamfutocin gwamnati kimanin 30,000 zuwa LibreOffice, daga baya kuma Linux, da hujja irin ta Munich: kada bayanan gwamnati su dogara da kamfanin wata ƙasa. Sun bi abin daki-daki, manhajar rubutu da farko, sannan imel. Da aka zo sauya imel ɗin a 2025, daga Outlook zuwa Open-Xchange da Thunderbird, alƙalai da masu gabatar da ƙara suka koka cewa saƙonni na makalewa, aikin kotu na tsayawa. Ministan da ke jagorantar aikin, Dirk Schrödter, sai da ya rubuta wa ma'aikata wasiƙar ban haƙuri. Bai janye shirin ba, a watan Oktoban shekarar aka sanar cewa an kammala kwashe akwatunan imel sama da 40,000 zuwa sabon tsarin.